Yadda Ake Sa wa Ƙofofin Tsohon Kabad ɗin Kicin Birki

Kabad ɗin kicin yakan yi shekaru jikinsa lafiya ƙalau, amma ƙarar ƙofofinsa ta ishi mutanen gida. Yaro ya buɗe ya ɗauki kofi ya saki, sai ka ji gwaram, tangaran ɗin da ke ciki ya yi ta kaɗawa. Uwargida ta je gidan amarya ta ga ƙofar kabad tana tafiya a hankali har ta kwanta ba ko ƙwas, ta dawo ta ce a kira mata kafinta. Aikin ba shi da wuya, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na sabon kabad ba. Abin da ya sa na zauna rubuta shi dalla-dalla shi ne yadda masu koyon sana'a ke ta faɗawa rami ɗaya. Sai a tura yaro Ƙofar Ruwa a Kano ko Dei-Dei a Abuja, ya ce a ba shi hinjin haidirolik dozin biyu, alhali ba wanda ya buɗe ƙofa ko ɗaya ya dubi abin da ke jikinta. A dawo a tarar ramukan sukuru ba su zo daidai ba, ko ƙofa ta hau kan 'yar'uwarta, ko ta zo dab da rufuwa ta tsaya cak ta bar wa kyankyaso hanya.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne birki ba ya rufe ƙofa. Sifirin ɗin da ke cikin hinji ne ke janta idan ta kusa kaiwa. Birkin ɗan bututu ne mai sanda a ciki, an cika shi da mai, galibi na silikon, wasu kuma iska ce kawai. Idan ƙofa ta danna sandar, dole man ya bi ta wata 'yar ƙanƙanuwar kafa kafin sandar ta shige, kamar yadda ruwan sirinji ba ya fita lokaci ɗaya komai ƙarfin dannawarka. Wato ƙarfi biyu ne ke ja-in-ja, na sifirin da na birki, kuma ana so sifirin ya rinjaya da kaɗan. Idan sifirin ya mutu, ko babu shi tun asali, birki zai tokare ƙofar ne kawai. Idan birkin ya fi ƙarfin sifirin, haka nan. Kusan duk matsalar da za ka gamu da ita a wannan aiki daga nan ta taso.

Kayan aiki

Tef ɗin awo mai milimita, ko ƙaramin rula na ƙarfe, da fensir mai tsini. Sukundireba mai bakin kuros: yawancin sukurorin hinjin Turai samfurin Pozidriv ne lamba 2, za ka gane su da wasu siraran zane huɗu tsakanin manyan tsagun kansu, kuma sukundireban Phillips yana zamewa a kansu ya cinye su. Injin huda da siririn baki na milimita 2 ko 2.5. Faffaɗan baki samfurin Forstner na milimita 35, idan aikin zai kai ga haƙa ramin kofi. Sukurori masu kaurin milimita 3.5 ko 4, tsawon 16. Farin gam na katako da tsinken sakace. Tef mai mannewa irin na masu fenti. Tsumma da ruwan sabulu. Takunkumin hanci da tabarau, domin ƙurar MDF gari ce mai laushi haɗe da gam, ba abin shaƙa ba ce. Sai kujera mai ƙarfi ko ɗan tsani don kabad na sama, da wani da zai riƙe maka ƙofa.

Mataki na 1: Gwada kowace ƙofa tun ba ka sayi komai ba

Buɗe ƙofar, ka turo ta a hankali da yatsa ɗaya. Idan ta rage kamar faɗin tafin hannu ta rufe, ya kamata ka ji ta kufce maka ta tafi da kanta. In ta yi haka, sifirin yana da rai. In kuwa sai ka raka ta har ƙarshe, ko maganaɗisu ne ke kama ta, to ko dai sifirin ya gaji ko hinjin ba mai sifirin ba ne. Irin wannan ƙofa ba ta da magani sai sabon hinji.

Daga nan ka kama ƙofar ta wajen mariƙi ka ɗaga ta sama kaɗan. In ta yi wasa, duba ko sukuru ne ya kwance ko allon ne ya ruɓe. Ka fi sa ido a kan kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Allon MDF da na garin katako in suka sha ruwa sukan kumbura su yi laushi, ka danna da farce ya shige. Sukuru ba ya kama irin wannan allo, kuma birki yana ƙara wa sukurori wahala, domin duk lokacin da ya tare ƙofa, ƙarfin a kansu yake sauka. Ka gaya wa mai gida gaskiya tun a nan cewa wannan gefen sai an canja shi.

Ƙofar da ba ta da mariƙi, wadda ake dannawa ta buɗe, ka ƙyale ta. Galibi hinjinta ba shi da sifirin mai rufewa da gangan.

Mataki na 2: Gane hinjin da ke jiki

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake tsallakewa. Yawancin kabad na zamani suna da ɓoyayyen hinji mai sassa uku: kofi da ke zaune cikin rami a bayan ƙofa, hannu, da farantin da aka ɗaure a allon gefe. Cire hinji ɗaya gaba ɗaya, har da farantinsa, ka auna abubuwa huɗu.

Na farko faɗin kofi. Wanda aka fi sani milimita 35 ne, amma akwai ƙarami na 26 a kan ƙananan ƙofofi, akwai kuma na 40 a kan masu kauri.

Na biyu tazarar sukurori biyun da ke riƙe kofin, daga tsakiya zuwa tsakiya. Kamfanoni ba su haɗu a kan awo ɗaya ba. Na Blum, kamfanin ƙasar Ostiriya, milimita 45 ne. Na Hettich na Jamus 52. Na Salice na Italiya 48, kuma da yawa daga cikin hinjin China da suka cika kasuwanninmu wannan awon suke bi. Bambancin milimita uku da ke tsakanin 45 da 48 ba ya cika ido, amma shi ne mafi muni. Sabon rami yakan faɗo a gefen tsohon, bangon da ke tsakaninsu ya fashe, ka tashi da rami ɗaya mai faɗi wanda ba ya riƙe komai.

Na uku zurfin ramin kofi. Yakan kama daga milimita 11 zuwa 13. Wasu hinjin masu birki a ciki sun fi na da zurfin kofi, sai ka ga kofin ya ƙi zama daram a tsohon ramin.

Na huɗu, kuma shi ya fi jawo dawowa kasuwa, shi ne yadda ƙofar ke zama a kan kabad. Rufe ta ka tsaya daga gaba. In ta rufe kaurin allon gefe kusan gaba ɗaya, hinjinta mai miƙaƙƙen hannu ne. In ƙofofi biyu ne suka raba kaurin allo ɗaya, kowace ta ɗauki rabi, hannun yana da 'yar lanƙwasa. In kuwa ƙofar ta shige ciki ana ganin kaurin allon duka, hannun mai babbar lanƙwasa ne. Kicin ɗaya na iya haɗa iri biyu, har uku. Saboda haka ka bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, ka manna wa kowace tef ka rubuta lamba da irin hinjinta. Kabad ɗin kusurwa ma daban yake: hinjinsa yana buɗewa har digiri 165 ko fiye, alhali na sauran kamar 110 ne.

In za ka kasuwa, tafi da tsohon hinjin a aljihu. Hoton waya ba ya nuna milimita.

Mataki na 3: Zaɓi hanya

Hanyoyi uku ne. Ta farko ita ce birkin da ake maƙalawa a kan hannun hinjin da ke nan, ba huda ba sukuru. Blumotion 973A na Blum misali ne. Ta fi kowace tsafta da sauri, amma birkin kowane kamfani hinjinsa kawai yake hawa. Kada ka saya sai ka ga sunan kamfanin a jikin hannun ko kofin.

Ta biyu ita ce birki mai zaman kansa, ɗan bututu a cikin mazaunin roba ko ƙarfe, da ake ɗaurewa da sukuru biyu a cikin kabad, kansa ya leƙo waje ya jira ƙofa. Ba ruwansa da samfurin hinji, in dai sifirin na aiki. Ita ce mafi araha.

Ta uku ita ce canja hinjin ɗungurungum da mai birki a ciki. Ni a ganina, in hinjin ya fara tsatsa ko ya daɗe yana shan tururin girki, wannan ce hanya. Ba dabara ba ce a ɗora sabon birki a kan sifirin da ya kusa mutuwa. A wurin saye ka gwada kowane ɗaya da hannu: buɗe shi, ka turo shi, ka ga yana lanƙwashewa sannu a hankali ba tare da tsalle a ƙarshe ba. Wanda ka ga alamar mai a jikinsa tun yana cikin leda, ya riga ya zubar. Akwai na jabu da yawa masu ɗauke da manyan sunaye, kuma nauyinsu a hannu yakan tona musu asiri. Na kusa da wurin wanke-wanke, in da hali, a samu na ƙarfen da ba ya tsatsa.

Mataki na 4: Gyara ramuka da share wuri

Kwashe kayan kabad ɗin tukuna, musamman masu fashewa. Wanke maiƙon da ya taru a gefuna, domin maiƙo da ƙurar hunturu in suka haɗu sukan zama danƙo mai riƙe kan birki. Cire maganaɗisu in akwai. Shi yana fizgar ƙofa a daidai inda ake so ta lafa, sai ka ji ƙas a ƙarshe duk da birkin.

Duk ramin sukurun da ya yi faɗi, tsoma tsinken sakace a gam ka cusa har ya cika, ka karye saura, ka bar shi ya kwana. In ka ɗaura sukuru gam bai bushe ba, zai juya tare da tsinken. In allon ya ɓare sosai, akwai farantin ƙarfe na gyara da ake sayarwa, mai faɗi, wanda sukurorinsa ke kama lafiyayyen allo nesa da inda ya lalace. Babban kuskure shi ne neman dogon sukuru don ya kama. Allon milimita 18 ne ko 16, dogon sukuru zai ɓullo ta fuskar ƙofa ko cikin kabad na kusa, kuma wannan tabon ba ya gyaruwa.

Mataki na 5: Ɗaura birkin

In mai maƙalawa ne, ɗora shi a kan hannun hinjin ka danna har ka ji ya kama. Fara da guda ɗaya a kowace ƙofa.

In mai zaman kansa ne, inda ka sa shi yana da tasiri ƙwarai. Kusa da hinji, ƙofar tana taɓa shi tun tana buɗe sosai, sai ta daɗe tana lafawa, amma ƙarfinsa a kanta kaɗan ne. Can wajen mariƙi kuwa, ba ta taɓa shi sai dab da rufuwa, amma yana tare ta da ƙarfi. Yawancinsu an yi su ne don kusurwar sama ta ɓangaren hinji, wasu don ɓangaren mariƙi. Duba takardar da ke cikin ledar. Ka daidaita bakin mazaunin da bakin allon kabad, kan bututun kaɗai ya leƙo. In mazaunin ya fito ko da milimita ɗaya, ƙofa za ta zauna a kansa ta ƙi kwanciya. Manna shi da tef tukuna ka gwada sau da yawa, sannan ka yi alama, ka huda da siririn baki, ka ɗaura. Naɗa tef a jikin bakin hudar a milimita 10 don ka san inda za ka tsaya. Kafin ka huda ko'ina, leƙa bayan allon: tiyon gas da wayar wuta sukan bi ta cikin kabad ɗin da ke gefen kuka.

In canjin hinji ne, a yi ƙofa ɗaya a gama kafin a taɓa ta gaba. Kwance hinjin ƙasa tukuna, na sama a ƙarshe, wani yana tallafe da ƙofar. In ka fara da na sama, nauyin ƙofar zai murɗe na ƙasa ya ɓalle allon. Kwantar da ita a kan tsumma, fuskarta a ƙasa. Zaunar da sabon kofin, ka ɗora rula a jikin kofunan biyu don su miƙe a layi ɗaya, domin kofin da ya karkace yana sa hinji biyu su yi ta jayayya, birki ya yi nauyi. Canja farantin ma, ko da tsohon ya yi kama da sabon. Ramukansa galibi suna milimita 37 daga bakin allon, tazararsu 32, shi ya sa sau da yawa sabon ke faɗawa daidai. Sukurun ƙarshe da hannu za ka ƙarasa shi. Injin huda ba ya jin lokacin da allon garin katako ya ce ya isa. Wajen mayarwa, na sama ake fara maƙalawa.

In ramin kofi bai kai zurfi ba, ƙara shi da kaɗan-kaɗan, kana aunawa. Bakin Forstner yana da ɗan tsini a tsakiya wanda ke riga sauran shiga. A ƙofa mai kaurin milimita 16, ramin 13 ya bar maka 3 kacal, kuma tsinin na iya cinye su.

Tsohon kabad mai hinjin fili irin na taga kuwa, sai an haƙa sabon rami. Tsakiyarsa yakan kasance milimita 21 zuwa 23 daga gefen ƙofa, kimanin 100 daga sama da ƙasa. Ainihin awon yana cikin takardar hinjin, kuma shi ne ke yanke yawan allon gefen da ƙofa za ta rufe. Gwada a guntun allo mai kauri ɗaya da ƙofar kafin ka taɓa kayan mutane.

Mataki na 6: Daidaita ƙofar

Hannun hinji yana da sukurori biyu. Na gaba, wanda ya fi kusa da ƙofa, yana matsar da ita dama ko hagu. Na baya yana matso da ita jikin kabad ko ya nisanta ta. Hawa da sauka kuma a jikin faranti ake yi. Kowanne ba ya wuce wasan milimita biyu ko makamancin haka, don haka rabin juyi ake yi a rufe a duba. Fara da tsayi, sannan gefe, sannan zurfi. Bar tazarar kamar milimita 3 tsakanin ƙofa da ƙofa, saboda allo yakan ɗan kumbura da damina, kuma ƙofar da ke gogar 'yar'uwarta ba za ta taɓa rufuwa a hankali ba. Ta ɓangaren hinji ma bar 'yar tazara tsakanin bayan ƙofa da bakin kabad. In ta matse a nan, za ta ƙi kwanciya ta ɓangaren mariƙi, kai kuma ka ɗora wa birki laifin da ba nasa ba.

Mataki na 7: Daidaita ƙarfin birkin

Masu koyo suna ganin yawan birki shi ne kyan aiki. Ƙaramar ƙofa mara nauyi, irin ta saman firji, in ka sa mata biyu, za ta tsaya a hanya ko ta yi ta rarrafe har mai girki ta gaji ta tura ta da gwiwar hannu. Irin wannan, birki ɗaya ya isa: hinji ɗaya mai birki, ɗaya na sifirin zalla, in dai samfurinsu da awonsu ɗaya ne. Wasu hinjin, kamar CLIP top Blumotion, suna da ɗan maɓalli a cikin kofi da ake kashe birkin da shi. Masu zaman kansu kuma da yawa suna da sukuru a gindi da ake ƙara ƙarfi ko ragewa. Doguwar ƙofar ma'ajiyar abinci mai hinji huɗu za ta iya neman biyu ko uku.

Gwaji iri biyu za ka yi. Turo ƙofar a hankali ka ga ta ƙarasa da kanta. Sannan ka wurga ta kamar yadda yaro zai yi, ka ga birkin ya tare ta ba ta buga ba, ba ta kuma yi tsalle ta dawo ba. In ta dawo baya kafin ta rufe, birkin ya yi tauri. In ta buga, ya yi sanyi ko ya yi kaɗan. Ka tuna da yanayi: a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, man yakan saki, birki ya yi laushi, da sanyin Disamba kuma ya ɗan yi nauyi. Ƙofar da ka daidaita da bazara tana rufuwa da kyar, da hunturu tsayawa za ta yi. Ka bar wa sifirin ɗan rinjaye.

A kusurwoyin ƙofar ta ɓangaren mariƙi, manna 'yan siraran robobin nan masu kama da ɗigon ruwa. Su ke ɗauke 'yar ƙarar ƙarshe ta allo a kan allo.

Kafin ka tattara kaya

Kira uwargida ka nuna mata da hannunka. "Hajiya, in ta fara tafiya a hankali a ƙyale ta, kada a danna." Dannawa da ƙarfi na tilasta wa man ya nemi hanya ta bakin robar da ke tsare shi, kuma da zarar ya fara yoyo birkin ya gama. Kada a ɗiga masa man keke ko man gyaɗa, a rufe yake, ƙura kawai man zai tara. Tsumma mai ɗan danshi ya wadatar. Ka kuma gaya mata cewa birki yana rage matse yatsa amma ba ya hana yaro buɗe kabad, don haka maganin ɓera, kananzir da sinadarin wanki su koma sama ko a sa musu makulli. In ta tambaye ka durowa da ƙofofin da ake ɗagawa sama, ka ce mata nasu kayan daban ne, aikin wata rana ne. Bayan mako ɗaya ko biyu ka leƙo da sukundireba, domin sukurorin da aka ɗaura cikin ramin da aka cike sukan ɗan saki da zarar ƙofa ta fara aiki.